Shekarar da Baba Ya Karɓi Rago

Na san ba al'ada ba ce mutumin da ko furfura ɗaya bai yi ba ya zauna rubuta tarihin rayuwarsa. Amma ke Hannatu ƴata, da ku ƴaƴan yayyena, na ji yadda ake ba ku labarin kakanku a tsakar gida, kowane baki da irin gishirin da yake ƙara masa. Wani ya ce tsoron mutuwa ne ya kai shi ruwan baftisma, wani ya ce kakarku ce ta matsa masa, har na ji an ce wai rago ne ya yi masa wa'azi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya faɗi daidai, ko da yake na ƙarshen ya fi kusa. Ni ina wurin, ni na ja igiyar ragon da hannuna, saboda haka zan shimfiɗa muku al'amarin yadda ya gudana. Ita ce shekara mafi daɗi cikin dukan waɗanda na gani, har yanzu in na tuna ta sai in ji zama ya gagare ni.

Sunan kakanku Gado, amma a Gaya kowa Maijirgi yake ce masa. An haife shi a wani ƙauye na bakin kogin Kwara, ta wajen Tounouga, a gidan da sana'arsu fito ce, wato ƙetarar da mutane da kayansu cikin kwalekwale. Gidan nasu al'adun kakanni suke bi, har lokacin da ya auri Inna Saratu, ƴar wani gidan Kirista daga wajen Zabori. Tun daga ranar auren ya bi ta majami'a. Ya bar yanka wa kogi kaza, ya koyi waƙoƙi, ya kan yi mana addu'a cikin sunan Yesu kafin mu sa hannu a kwano. Duk wanda ya gan shi ranar Lahadi zai ɗauka dattijon ikilisiya ne. Amma ba a taɓa yi masa baftisma ba, kuma ba wanda ya hana shi sai shi kansa.

Dole ku san halinsa kafin ku gane dalilin. Baba bai taɓa shiga gidan wani hannu rabbana ba, ko da ƙullin busasshen kifi ne sai ya riƙa. In maƙwabta suka aiko da abinci, kwanon ba ya fita gidanmu sai an zuba wani abu a ciki, in ma babu sai a jira har a samu. Wannan hali ne ya ɗauka ya tafi da shi gaban Allah. A ikilisiyarmu sau ɗaya ake baftisma a shekara, a ƙarshen bazara, lokacin da kogi ya ja baya yashi ya fito. Kowace shekara Fasto Iliya ya kan zo zaurenmu ya tambaye shi, kowace shekara amsar iri ɗaya ce.

"Fasto, bari dai in gama katangar nan tukuna. Ina zan shiga wurin Mai Sama ban riƙo komai ba?"

In katangar majami'a ta ƙare sai rufi, in rufi ya ƙare sai ƙofa. Ya koya wa kansa gini da sassaƙa don wannan kawai. Kuma duk Lahadin da ake jibin Ubangiji, wato ranar da waɗanda aka yi wa baftisma ke raba gurasa da ƙoƙo domin tunawa da mutuwar Almasihu, sai Baba ya tashi a hankali daga kusa da Inna, ya fita ya zauna gindin dogonyaro har a gama. Na girma ina ganin wannan gurbi a kan benci, ina ganin Inna tana kallonsa. Ba ta taɓa yi masa faɗa a kai ba. Sau ɗaya kawai na ji ta faɗa wa yayata, tana tsince shinkafa ba ta ko ɗago kai ba:

"Mutumin nan na ci dusa da shi shekarar yunwa, na ci naman kaza da shi ranar suna. Abu ɗaya ne ba mu taɓa ci tare ba, kuma shi ne ya fi ƙanƙanta."

To, ga zancen rago. Tun ba a haife ni ba, wani kwalekwale, ba na Baba ba, ya kife tsakiyar kogi da ƴan kasuwa masu dawowa daga hayin Benin. Baba yana kusa, ya faɗa ruwa, ya fito da wani saurayi mai fataucin albasa da ya riga ya sha ruwa ya ƙoshi. Saurayin nan shi ne Alhaji Sama'ila da kuka sani, mai manyan motocin kaya, wanda gidansa ke ƙarshen layinmu. A gidan su Baba akwai doka mai ƙarfi: ana karɓar ladan fito, amma wanda aka tsamo daga ruwa ba a karɓar ko ƙwayar goro daga hannunsa. Alhaji kuwa, tun shekarar da Allah ya buɗa masa, in sallar layya ta gabato sai ya aiko wa Baba da rago mai rai. Baba kuma sai ya mayar. Naman layya soyayye in an aiko ana karɓa da murna, don wannan zumuncin unguwa ne, kamar yadda su ma suke karɓar shinkafar Inna ranar Kirsimati. Amma rago mai tafiya da ƙafarsa, a'a. Abin ya zama wasan unguwa, har mata suna leƙowa su ga ya tafi, su ga ya dawo.

A shekarar da nake ba ku labari na dawo daga jami'a a Yamai da lisansi, wato digirin farko, a fannin nazarin harsuna, ina jiran a tura ni koyarwa. Na tarar da gida ya yi sanyi. Hannuwan Baba sun soma rawa. Likita ya ba da magani, ya ce za a sassauta abin amma ba zai warke ba. Aikin da ya sa wa kansa a wannan shekara benci ne na majami'a, ga katakon nan jingine a zaure, an fere rabi, guduma kuwa ta ƙi zama a hannunsa. Da Fasto ya zo da tambayarsa ta kullum, amsar ta sake, kuma sakewar ta fi ta da muni.

"Fasto, kada ka ƙara wahalar da ƙafarka. Da ina da hannu ma ban kai ba, balle yanzu. Ni dai na makara."

Na ga Inna ta shiga ɗaki ta saki labule. A ranar na ƙudura cewa ba zan bar maganar ta kwana a haka ba. A Yamai, cikin taron ɗalibai masu bi, na koyi wannan koyarwa ta alherin Allah har ta zauna mini daram, kuma ita ce ta fi kowace faranta mini rai. Na sami Baba da hantsi yana zaune kan buzunsa, na gaishe shi, na nemi izini, na jera masa ita da kyakkyawar Hausa gwargwadon iyawata. Na ce ceto kyauta ne, ba lada ba. Na ce ɗan Adam ba shi da abin da zai miƙa wa Allah wanda ba Allah ne ya ba shi ba tun farko. Na ce abin da ya raba mu da Allah ya fi ƙarfin katanga da rufi, shi ya sa Almasihu ya ɗauke shi da kansa a kan gicciye, tun ba mu roƙa ba, tun ba mu gyaru ba. Na ce abin da ya rage wa mutum shi ne ya gaskata, ya buɗe hannu ya karɓa, baftisma kuwa ba sayen ceto ba ce, shaida ce a gaban jama'a cewa an karɓa. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Dauda, Hausarka ta yi daɗi, karatu bai tafi banza ba," in ji shi. "Amma abin da kake kwatantawa, a garinmu sunansa roƙo. Ni kuwa ubana bai haifi maroƙi ba."

Bayan ƴan kwanaki sai ga rago. Na bana fari ne tas, mai baƙin kunne, ƙahonsa ya murɗe, girmansa ya kai ɗan maraƙi. Direban Alhaji ya ɗaure shi a turken ƙofar gida ya yi gaba abinsa, don ya san sauran. Baba ya dube ni ya nuna ragon da haɓa. Haka na kwance igiya na kama hanya da rigata mai guga, ragon yana ja ina ja, ƴan kabu-kabu suna danna mini oda, mai shayin bakin titi yana ɗaga murya yana tambaya ko abin da aka koya mini a Yamai ke nan. Na sami Alhaji a ƙofar gidansa kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi na isar da saƙo kamar yadda yayyena suka saba isarwa. Amma bana bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon ragon, sa'an nan ya tambaye ni ko gaskiya ne hannun Maijirgi ya soma rawa. Na ce gaskiya ne. Sai ya miƙe, ya zura takalmi, ya karɓe igiyar daga hannuna.

Ku da kuka san Alhaji Sama'ila da girman jikinsa da babbar rigarsa, ku kwatanta shi yana jan rago a tsakiyar layi da rana tsaka, ni ina biye! Unguwa kaf ta fito. Bai tsaya a turke ba, da ragon ya yi sallama ya shiga zaure.

"Maijirgi! Yau sai ka gaya mini laifin da na yi maka."

"Alhaji, lafiya? Zauna mana. Wane irin laifi kuma?"

"Ba zan zauna ba. Shekara da shekaru kana zagina a gaban unguwa ina haƙuri. Yau haƙurin ya ƙare."

"Ni na zage ka? Kai ne dai ke zagina! Ka san dokar gidanmu. Ba a biyan mu ladan rai."

"Ladan rai!" Alhaji ya tafa hannu, ragon ya zabura. "Wato kai a ganinka raina rago ɗaya ne? Ni da matana da ƴaƴana da jikokina, duk wanda ya fito daga wannan ran da ka tsamo, ka auna mu ka ga rago muka kai? Kai, Maijirgi, ka rena ni! Ko motocina duka na jero maka a ƙofar gida, ka ce na biya?"

Baba ya buɗe baki, Alhaji ya tare shi.

"Ran nan me na riƙo?" Alhaji ya ci gaba. "Albasa ta tafi, hula ta tafi, wandon ma kogi ya karɓe, kai ka ba ni zanen shimfiɗar jirgi na ɗaura. Kafin ka kama ni, ka tambaye ni ɗan wane ne ni? Ka tambaye ni me zan ba ka?"

"Haba Alhaji, ana tambayar mai nutsewa?"

"To! Ina ta fafutuka ina cakumar wuyanka wai ina taimakonka, ka tuna tsawar da ka daka mini? Ka ce, kai yaro, saki jikinka, bar taimakona, za ka kashe mu! Na saki, ka fito da ni. Wannan ba ya biyuwa, na sani tun ina kwance kan yashi ina amai. Ragon nan ba biya ba ne, mutumin Allah. Godiya ce. Kai kuma ka toshe mini bakin godiya tun ina saurayi har na yi furfura. Ka iya bayarwa, wannan kowa ya shaida. Amma karɓa, jaririn goye ya fi ka iyawa!"

Ragon kuwa ya shiga tauna gefen tabarmar Baba. Na hango ƙafafun Inna a bayan ƙofar tsakar gida, ba ta motsi. Baba ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa suna rawa bisa gwiwa. Daga nan ya juya ya dubi katakon bencin da ke jingine, ya daɗe yana dubansa. Ni dai na ga inda tunaninsa ya nufa, kuma na ji tsoron ko numfashina ya kore shi.

"Dauda," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Maganar nan taka ta ran nan. Sake faɗi. Amma gajarta."

"Baba, mu ne cikin ruwa. Shi ya faɗo ya kama mu. Bai tambaye mu me muka riƙo ba."

"Katangar fa? Da rufin? Duk sun tashi a banza ke nan?"

"In biya ne, Baba, ka san yadda kake ji in an kawo maka biya. In godiya ce, ƙofa a buɗe take, ka yi ta yi har iyakar ranka."

Sai Baba ya yi wata irin dariya da ban taɓa ji daga bakinsa ba, dariya mai haɗe da hawaye, yana girgiza kai.

"Ashe ni ma rago nake ta ja wa Mai Sama! Shekara da shekaru! Alhaji, ka ji fa, ni ma rago nake ja!"

"Ni ban shiga zancen addininku ba," in ji Alhaji, yana gyara riga. "Tsakaninka da Mahaliccinka ne. Ni nawa ragon nake magana. Za ka karɓa ko ba za ka karɓa ba?"

"Riƙe mini shi tukuna. Akwai wanda ya riga ka, tun tuni yake miƙo mini hannu. In na karɓi nasa sai in karɓi naka."

Ban san lokacin da na fita zauren ba. Na dai tsinci kaina ina gudu, ni da ban taɓa gudu a titi ba tun ina ƙaramin ɗan lakwal, wato makarantar boko, har gidan Fasto Iliya. Na same shi yana cin abinci, na manta da gaisuwa, abin da ban taɓa yi ba. Ya tsame hannu daga kwano ya ce in sake faɗi, na sake, sai ya tashi ya rungume ni da hannun miya. Kafin in dawo gida Inna ta ɗora tukunya ba tare da ta san abin da za ta dafa ba, tana waƙa, tana share hawaye da bakin zane.

Kada ku ɗauka abin bai ci masa komai ba. Da labari ya kai ƙauye, ƙanensa ya zo takanas. A gidansu abin kunya ne babba a ce wani ya danna kan ɗan gidan cikin ruwa, su da suke tsamo mutane. Balle kuma Fasto Iliya mutumin arewa ne, ƙasar rijiya da guga, ko iyo bai iya ba. Ƙanen ya ce in Baba ya yarda aka yi masa haka a gaban masunta, to ya zubar da sunan gidan, kuma ba za a ƙara kiransa in ana shawarar dangi ba. Baba ya ce ya ji, ya sa aka ba shi fura, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo ya daɗe zaune shi kaɗai. Har yau ba a kiran nasa, kuma na san abin yana masa ciwo.

Ranar baftisma muka gangara kogi da safe, mata da fararen kallabi suna waƙa, masunta sun tsaya cikin jiragensu suna kallo. Fasto ya shiga ruwa yana taka ƙasa kamar mai tafiya kan ƙwai. Baba, da yake hali ba ya barin mai shi rana ɗaya, tun daga gaɓa yake ba da umarni.

"Fasto, ba nan ba, akwai rami! Matso dama. Yawwa, nan yashi ne. Kafa ƙafarka da kyau."

Jama'a suka yi dariya. Na riƙe shi muka shiga har ruwa ya kai mana ƙugu. Fasto ya tambaye shi ko ya gaskata Yesu Almasihu ya mutu dominsa ya kuma tashi, ko ya dogara gare shi kaɗai domin cetonsa. Baba ya amsa da murya mai ƙarfi har hayi ana ji. Fasto ya sa hannu a bayansa zai kwantar da shi, sai abu ya ƙi. Jikin Baba ya sandare kamar turmi. Ƙafafunsa, waɗanda suka yi rayuwa suna tokare ruwa, suka kafe cikin yashi, hannunsa mai rawa ya damƙe damtsen Fasto har ya kusa jawo shi. Fasto ya gwada, ya sake gwadawa, zufa ta karyo masa. Waƙar mata ta soma raunana. Na ga wani masunci ya taɓa ɗan'uwansa yana murmushi. Na dubi Inna a gaɓa, ta haɗa hannuwa a ƙirji, leɓunanta suna motsi.

Can nesa kaɗan, gefen da ake wankin motoci, akwai wani mutum mai babbar riga da farin rago. Daga baya ya rantse mana cewa shi rago kawai ya kawo shan ruwa. Muryarsa ce ta tsaga kogin.

"Maijirgi! Saki jikinka! Bar taimakonsa, za ka kashe ku!"

Baba ya waiga. Na ga kafaɗunsa sun girgiza da dariya, na ga yatsunsa sun buɗe ɗaya bayan ɗaya daga damtsen Fasto. Ya rufe ido, ya tafi da baya kamar yaron da aka kwantar a zane, ruwan Kwara ya rufe fuskarsa. Da ya ɓullo, guɗar da Inna ta rangaɗa sai da tsuntsaye suka tashi daga cikin ciyawa! Mata suka ɗauki waƙa, ni kuwa da nake taƙama da daidaita magana, na rasa ko kalma ɗaya, ihu kawai nake yi ina dukan ruwa.

Bai tsaya an yafa masa zane ba. Da rigarsa tana ɗiga ya bi gaɓa har wurin Alhaji, ya miƙa hannuwansa biyu, babu komai a cikinsu. Alhaji ya ɗora masa igiyar.

"Na gode," in ji Baba.

"Kai dai ka cika jan rai," in ji Alhaji, ya juya da sauri yana goge ido da hannun riga.

Alhaji da kansa ya yanka ragon da yamma, domin kowa a unguwa ya iya ci, kuma kowa ya ci. Kwanuka suka fita gidanmu ta kowace ƙofa, Baba yana zaune yana ba da umarni kada a jira a mayar mana da komai.

Lahadin da ta biyo akwai jibin Ubangiji. Da aka soma zagayawa da gurasa na ga jikin Baba ya motsa kamar zai tashi, don sabo. Sai ya koma ya zauna. Da ƙoƙo ya iso gare shi hannunsa ya yi ta rawa, har abin da ke ciki ya soma zuba a rigarsa. Inna ta juyo gare shi. Ta sa hannunta ƙarƙashin nasa ta tallafe, ya sha, ya miƙa mata, ta sha.